Asabar a layin tarkuna, yammacin Welinton

Saƙon ya shigo wayata tun ƙarfe biyu da wani abu na dare, amma sai da na tashi sallar asuba na gan shi: kejin da ke gangaren rafi ya rufe. Wannan makon ni ke riƙe da wayar ƙungiyarmu ta masu ɗana tarko don kare tsuntsayen ƙasar daga dabbobin da ke cinye su, don haka ina idar da salla na kira dattijon da nake bi. Ya ce in sa takalmin ruwa, zai biyo ya ɗauke ni. Nuwamba a Niyu Zilan lokacin toho ne, ciyawa ta yi shar, tsuntsaye na kan ƙwai, amma iskar Welinton ba ta san da wannan zance ba. Tun daga bakin ƙofa take marin mutum.

A hanya muka sauya tsarin ranar. Da niyyarmu mu fara da layin saman tudu, amma keji ba ya jira. Tarkon da ke kashewa nan take, irin akwatin katakon nan DOC200, ana iya barinsa makonni. Keji kuwa rai ne a ciki. Dokar kula da dabbobi ta 1999 ta ce duk wanda ya ɗana tarko mai kamawa da rai dole ya je ya duba shi kullum, cikin awa 12 bayan fitowar rana, ko ya kama ko bai kama ba. Daga baya aka yi mata gyara: idan akwai na'ura amintacciya da ke sanar da kai, ba sai ka je kullum ba, amma da zarar ya kama kana da awa 24. Dattijo ya ce kafin haka mutane da yawa ba sa ɗana keji ko kaɗan, domin ba mai iya hawan waɗannan tuddai kowace safiya don ya leƙa kejin da ba komai.

Na'urar kanta ba wani abin kallo ba ce. Ɗan akwatin roba ne da ba ya cika tafin hannu, an ɗaure shi a jikin kejin, da maganaɗisu a ƙofa. Ƙofa na faɗuwa, maganaɗisun ya rabu da shi, sai ya aika sigina ta rediyo zuwa wata uwar na'ura da aka kafa a ƙololuwar tudu da faifan sola. Ita kuma ta tura ta layin waya, inda babu sabis kuma ta tauraron ɗan Adam. Saboda ɗan saƙon ba shi da nauyi, batirin kan yi shekaru. Abin da ya fi burge ni shi ne ko bai kama komai ba, kowane tarko yakan aiko da alamar yana nan lafiya a kai a kai. In ya daina, shi ma labari ne.

Muzuru muka tarar, baƙi, ƙaton kai, kunne ɗaya a yage. Ya lafe a ƙarshen kejin yana huci. Dattijo ya rufa masa buhu don ya natsu, sannan ya zaga da na'urar karanta ɗan guntun shaidar da ake sa wa kyanwar gida a ƙarƙashin fata, tunda majalisar birnin ta wajabta shi. Babu. Ba abin wuya, kuma gida mafi kusa yana da nisa sosai. Na daji ne. Dattijo shi ke da lasisin bindiga, ya ce in koma wajen mota. Harbi ɗaya na ji.

Raina bai yi daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Mu da muka tashi da mage tana kwana a ɗakin kaka, kuma tun muna yara ake karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Abin da na yi ta juyawa a zuciya ke nan: laifin matar tsarewa ne da barin dabba cikin wahala. Wanda ya ɗana keji ya ɗauki irin wannan amanar. A da mutum zai iya cewa bai sani ba. Yanzu waya ta gaya maka minti nawa ƙofar ta yi a rufe, kuma lissafin yana ƙaruwa a gaban idonka kana shan shayi. Ana tallar waɗannan na'urori da cewa suna rage aiki. Ni abin da na ga sun fi ragewa shi ne uzuri.

Daga nan muka hau layin tudu. Cikin akwatunan da ke wannan layi biyu ne kawai suka yi magana a makon, sai na uku da ya yi shiru gaba ɗaya. Na farko sitot ya kama, wata siririyar dabba mai kama da ƙaramin tunku, bayanta ja-ja, cikinta fari, bakin wutsiya baƙi. Dattijo ya ɗaga ta yana murmushi har kunne, don ita ce ainihin wadda ake nema. Turawa ne suka kawo ta a shekarun 1880 don ta cinye zomayen da su ɗin dai suka kawo suka kuma addabi makiyaya. Sai ta tarar da tsuntsayen da ba su taɓa sanin maƙiyi irinta ba, domin in ban da jemage, ƙasar ba ta da dabbar tudu mai shayarwa tun asali. Kiwi, tsuntsun da ƙasar ta yi suna da shi, ba ya tashi, a rami yake ƙwai. Inda ba a ɗana tarko, kusan 5 cikin 100 na 'ya'yansa ne kawai ke girma. Sai ɗan ya kai nauyin wajen kilo ɗaya sannan yake iya kare kansa daga sitot.

Na biyu bushiya ce. Ita ma baƙuwa ce a nan, kuma tana shan ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Na ukun, mai shirun, saniya ce ta ture shi ya gangara cikin kwari inda sigina ba ta fita. Mun sha wuya kafin mu ciro shi.

Akwai abin da na'urar ba ta gani. Mun buɗe wani akwati da taswira ke nuna shi kore, wato lafiya lau, muka samu ƙananan ɓeraye sun lashe naman zomon tas, nauyinsu bai kai ya taka tarkon ba. Wani kuma ƙwan da ke ciki ya ruɓe. Tarko a ɗane, ba abin da zai ja dabba, waya kuma tana cewa komai daidai. Don haka dole dai a zaga lokaci-lokaci da gishirtaccen nama da ƙwai da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Kamfanoni na ƙoƙarin toshe wannan gibi. Kamfanin Goodnature suna da tarkon A24 mai aiki da gas, yana bugu ya sake ɗana kansa har sau 24 kafin a canja kwalba. Akwai AT220 da ke fitar da abin jan dabba da kansa. Kuɗinsu ne dai ba na ƙaramar ƙungiya ba.

Mun ci abincin rana a bayan mota, na shigar da kamun yau a manhajar Trap.NZ. Dattijo ya nuna min tuddan Makara da hannu. Can aikin Capital Kiwi, na dawo da kiwi dajin da ke kewayen birnin, ya shimfiɗa tarkuna sama da 4,000, aka saki kiwi a Nuwamban 2022, kuma a ƙarshen 2023 aka samu 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a dajin. Ya ce duk tsawon rayuwarsa bai zaci zai ga haka kusa da birni ba. Na tambaye shi ko ya yarda za a cimma burin da gwamnatin Firayim Minista John Key ta sanar a 2016, na kawar da ɓera da sitot da fosom, wata baƙuwar dabba mai hawa bishiya, daga ƙasar baki ɗaya zuwa 2050. Ya yi dariya, ya ce shi dai ba zai ga shekarar ba. Amma ya ce zirin Miramar da ke gabashin birnin ya rabu da ɓeraye da sitot a 2023, kuma a irin wannan wuri ne na'urar ta fi amfani: in dabba ta kusa ƙarewa, tarko ɗari kan yi wata ba kamu, sai guda ɗaya da ta sato hanya ta shigo. Ita ake so a sani a daren da ta shigo.

Bayan isha na kira gida, lokacin can safiya ce, awa 12 ke tsakaninmu yanzu. Na ba Yaya labari. Ya ce, "Kai ƙanena, wato ɓera ake sa wa tauraron ɗan Adam?" Na ce, "Wallahi Yaya, har da sola." Ya ce in an gama da na can a turo masa guda biyu, gafiya ta hana shi sakat a rumbun masara. Baba na gefe yana ji, tambaya ɗaya ya yi: muzurun ya daɗe a kejin? Na ce kwana bai cika ba, Baba. Ya ce to madalla.

Wayar tana hannuna har Litinin. Mun sake ɗana kejin rafi da kan kifi, kuma an ce gobe za a yi ruwa.