Abin da na koya game da ƙarin karatun malamin jami'a kafin in ajiye aiki

A ƙarshen wannan zangon karatu zan miƙa makullin ofishina, bayan shekara 12 ina koyarwa a wata jami'ar gwamnati da ke arewacin Najeriya. Ƙananan malaman da ke shigowa yi mini sallama kusan dukansu tambaya ɗaya suke yi, wato ta wace hanya mutum zai samu tallafin ƙarin karatu ba tare da ya tsufa yana jira ba. Amsar da nake ba su a tsaitsaye ba ta wadatar da su, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da ya same ni.

Kuɗin horar da malamai akwai su, kuma haƙƙi ne da aka sha wuya kafin a samu. Gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnati a 1992 su ne suka haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, asusun da ake tara kuɗin harajin a cikinsa ya koma TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, jami'o'i suna ɗaukar kashi biyu cikin huɗu na kuɗin, kwalejojin kimiyya da fasaha kashi ɗaya, kwalejojin ilimi kashi ɗaya, kuma a 2023 harajin ya kai kashi 3 cikin 100. Abin da sabon malami bai cika sani ba shi ne asusun ba ya karɓar takarda daga hannunsa kai tsaye. Jami'a ce ke tura sunaye, kuma kafin suna ya isa can sai ya bi ta teburin shugaban sashe, da na shugaban tsangaya, da kwamitin horar da ma'aikata, da jami'in da ke kula da harkar asusun a makarantar. Duk teburin da takarda ta maƙale a kai, to a nan maganar ta tsaya.

Tawa a teburin farko ta tsaya. Ina ƙaramin malami na samu gurbin karatun digirin digirgir a wata jami'a a Malesiya, bayan kusan shekara guda ina musayar saƙonni da farfesan da ya yarda ya duba aikina. Na haɗa takardar gurbin karatun, da ta tabbatar da ni a aiki, da jadawalin kuɗin makaranta, da fom ɗin da aka cike, na zuba su a ambulan mai ruwan ƙasa na nufi ofishin shugaban sashenmu. Sakatariyarsa ta miƙo hannu za ta shigar da su cikin littafin rajistar wasiƙu ta buga mini hatimi a kwafina, amma na ce mata ta bari, zan kai masa da kaina. Shi ne ya koyar da ni tun ina aji biyu, shi ne ya duba kundin digirina na biyu, kuma a ganina a lokacin rashin kunya ne in nemi shaida a kan takardar da zan ba malamina hannu da hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Ranka ya daɗe, ga takardun da na yi maka magana a kansu.” Ya karɓa da fara'a ya ce, “Madalla, Malam. Bar su nan, gobe in sha Allahu zan sa hannu su wuce.”

Wata uku ina bibiya da baki. Duk lokacin da muka haɗu a masallaci ko a bakin ofis sai ya ce ana kan aiki, ni kuma sai in yi godiya in wuce, domin ban ga ta inda zan matsa wa babba ba. Sai da kwamitin ya zauna ya tashi, na je wurin jami'in asusun, ya buɗe fayil ɗin tsangayarmu a gabana ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan ya ɗago ya ce mini babu wata takarda tawa da ta taɓa zuwa ofishinsa. Da na koma wurin shugaban sashen, bai musa ba. Ya jawo aljihun teburinsa na ƙasa, ya ɗaga wani ƙunshin takardun jarrabawa, sai ga ambulan ɗina yadda na kawo ta, ko buɗe ta ba a yi ba. Ya ce, “Malam, idan ka tafi wa zai ɗauki 'yan aji ɗaya? Ka yi haƙuri, baɗi ma shekara ce.”

Damuwarsa gaskiya ce, domin malamai sun yi mana ƙaranci ƙwarai. Abin da har yau bai daina yi mini ciwo ba shi ne da ya faɗi haka a taron sashe tun farko, da na nemi a ɗage mini gurbin, ko in kai kukana gaba tun lokaci bai ƙure ba. Da na yi tunanin rubuta ƙorafi, sai na tarar ba ni da ko layi ɗaya da zai nuna ranar da na miƙa takardun. Laifin wannan nawa ne, kuma na biya shi da tsada.

Baɗin da aka yi mini alkawari bai zo ba. Wa'adin gurbin ya ƙare, annobar korona ta rufe duniya a 2020, yajin aikin malamai na shekarar ya ci wata 9, na 2022 kuma ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Bayan an saki farashin naira a watan Yuni na 2023, abokan aikinmu da ke karatu a waje suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi, daga baya kuma asusun ya dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga 1 ga Janairu, 2025. Na yi digirina a gida cikin shekara 6, ina ɗauke da cikakken nauyin kwasa-kwasaina, kuma waɗanda muka fara aiki tare sun riga ni ƙarin girma da mataki guda. Ban raina digirin da na yi ba, domin da gumina na same shi, amma na san abin da aka hana ni.

Don haka shawarata ta farko ga duk ƙaramin malami ita ce ya yi kwafi biyu na kowace takarda, ya bi ta hannun sakatare, a buga masa hatimi da kwanan wata, ko da mahaifinsa ne ke riƙe da kujerar. Ya san ranar da kwamiti zai zauna, ya san jami'in asusun ido da ido, kuma idan mako biyu ya wuce babu motsi ya rubuta takardar tuni cikin ladabi. Girmama manya wajibi ne a kanmu, amma shugaban da ke da niyyar alheri ba zai ji haushin hatimi ba.

Ta fannin koyarwa kanta kuwa, babu wanda ya taɓa nuna mini yadda ake yi. Ranar da na kama aiki aka miƙo mini sunan kwas da jadawali, aka nuna mini ɗakin karatu cike maƙil, wasu a kan tagogi, babu amsa-kuwwa. Taimako na gaskiya da na samu daga wani dattijon malami ne da ya zauna a bencin baya sau uku, sannan ya kira ni gefe ya ce, “Ɗana, allo kake koyarwa, ba yara ba. Juyo ka dube su.” Daga baya na yi difilomar koyarwa ta Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da kuɗin aljihuna, kuma a can na fara sanin yadda ake tsara tambayar jarrabawa ta dace da abin da aka koyar. Abin takaici ne cewa a wajen ƙarin girma maƙalun da ka wallafa ake ƙirgawa, ba a cika tambayar abin da ɗalibanka suka fahimta ba.

Sauran darussan gajeru ne. Kuɗin halartar taron ƙara wa juna sani ba ya fitowa sai an karɓi maƙalarka, don haka a fara da rubutun. A guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga aiki cikin mako guda, domin suna zubar da mutuncin mai aikin. Kada a dogara da ƙofa ɗaya, akwai tallafin DAAD na Jamus da na ƙasashe rainon Ingila. Wanda kuma aka ɗauki nauyinsa ya dawo ya cika alkawarin da ya sa wa hannu, domin gudun wasu yana cikin dalilan da aka bayar na rufe wa na baya hanya.

A makon jiya wata ƙaramar malama ta kawo mini takardunta na neman tallafin digirin digirgir in duba mata. Bayan na gyara mata wurare biyu, na tashi na raka ta ofishin sakatariya, muka tsaya har aka shigar da su rajista, aka buga mata hatimi a kwafinta. Kwamitin zai zauna a watan gobe, lokacin na riga na tafi, amma na ba ta lambar ofishin jami'in asusun, kuma ta rubuta ranar a bangon littafinta.