Wasiƙa daga Ostireliya: Bulalar fata ma kiwonta ake yi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku daga yammacin jihar Queensland, inda nake aikin duba lafiyar shanu yau shekara huɗu. Ina fata hunturun bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan Janairu tsakiyar zafi ne, ranar tana dukan ƙeya kamar ta bazara a Sakkwato.

Makon jiya ƙanena ya turo mini hoton bulalar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wadda yake riƙewa idan ya hau doki ranar Sallah. An zazzage buhun kayan doki bayan shekara uku ba wanda ya taɓa shi, sai ga ta ta bushe ƙamas, ta tsattsage kamar faso a diddige. Na daɗe ina kallon hoton nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kitsen da bai cika cokali ba, sau biyu a shekara, da ya hana wannan asarar.

A nan na san haka, a wurin makiyaya. Shanun arewacin ƙasar nan da yawansu masu tozo ne irin namu, jinsin Brahman, kuma garke guda yakan kai dubbai. Makiyayi a kan doki yana ɗauke da doguwar bulala, amma ba jikin saniya yake nema da ita ba. Kaɗa ta yake yi a iska ta yi ƙara kamar an harba bindiga, garke ya juya. Ƙarar kuwa tana fitowa ne saboda bakin bulalar ya zarce gudun sauti, abin da ya haura kilomita 1,200 a awa. Ku duba irin wahalar da siririyar fata take sha a kowace kaɗawa.

Mafi daraja a cikin bulalun nan da fatar kangaru, wata dabbar dajin ƙasar nan, ake kitsa su, don ana iya yanka ta siri-siri ba ta tsinke ba. Akwai mai sili 8, akwai mai 12, akwai mai 16. Daga mariƙi sai jikin da aka kitsa, sai wata tsiriyar fata guda mai kauri da ake ɗaurawa a ƙarshe, sannan ɗan zaren da ke bayar da ƙarar. A garin Longreach akwai gidan tarihin makiyaya da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 1988. Ranar da na shiga na ga yadda suka adana sirdi da linzamin kakanninsu, dukawan Kano na tuna, na tuna jar fatar akuyar Sakkwato da duniya ta daɗe tana saye, na ce aikin hannu dai ba a fi mu ba. Adanawa ce muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Bulalata ta farko ni na kashe ta da kaina. Na ga ta fara bushewa, sai na tsoma ta cikin ruwan mai na bar ta ta kwana, a zatona gata na yi mata. Kafin wata guda kitson ya saki, silin ya miƙe, ta yi laƙwas ba ta ko amsa hannu. Dattijon da ya kitsa mini ita ya juya ta a hannunsa, bai yi faɗa ba, sai ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake yi.

Mai mai ruwa ba ya yi wa kitsattsiyar fata kyau. Abin da take so maiƙo ne mai daskarewa. Tsofaffin makiyayan nan kitsen tunkiya suke shafawa, wanda ba gishiri a cikinsa, na yanzu kuma sukan sayi na gwangwani da aka haɗa da kakin zuma. Dukansu biyu muna da su a gida: a narkar da kitse, a tace, a sa kakin zuma kaɗan, a bari ya daskare. Kafin a shafa, sai an goge ƙura da tsumma mai ɗan danshi, a bar fatar ta sha iska, domin yashin da ya maƙale tsakanin sili shi ke cin fata daga ciki kamar zarto. Sannan a lakato kaɗan a tafin hannu, a murza har ya narke da ɗumin jiki, a bi bulalar daga wajen mariƙi zuwa baki. A rataye ta ta kwana a inuwa, da safe a goge abin da bai shige ba. Idan aka taɓa ta hannu ya yi danƙo, an cika.

Ba ko'ina ke son shafa daidai wa daida ba. Tsiriyar ƙarshen nan ita ce ke jan ƙasa, ita ce ke shan duka, saboda haka kusan duk ranar da aka yi aiki da ita sai an shafa mata. Jikin kitson kuwa sau biyu ko uku a shekara ya isa, sai dai wurin da iska ta bushe sosai. A ƙasarmu ni dai zan ce a yi ɗaya da shigowar hunturu, ɗaya bayan an sauko daga hawan Sallah, kafin a ɗaure kaya. Man gyaɗa yana yin ɗoyi ya jawo ɓera, baƙin man inji kuwa kada ma a kusantar da shi.

Idan ruwa ya jiƙa ta, kada a shanya a rana, kada a kai ta bakin murhu. Ta bushe a hankali cikin ɗaki, sannan a shafa. Ba a kaɗa ta a kan tsakuwa ko daɓen siminti. Ba a naɗe ta tamau a cusa cikin leda, nan funfuna ke kama ta da damina. Rataye ake yi, ko a yi mata sakakken naɗi, nesa da kare da ɓera, don ƙanshin kitsen yana kiransu. Duk wannan haka yake ga ragama da majayi da igiyar likkafa, waɗanda ran mahayi ke rataye a kansu lokacin sukuwa.

Na kira ƙanena na ce kada ya lanƙwasa ta Baba ko kaɗan, don a yadda take yanzu karyewa za ta yi. Ya shafa mata kitse ɗan mitsitsi, ya jira mako guda, ya sake, har sau uku ko huɗu. Inda ya riga ya tsage ba zai haɗe ba, amma mariƙin da rabin jikin suna da sauran rai, kuma akwai baduku a unguwarmu da zai iya kitsa mata sabon baki. In Allah ya kai mu babbar Sallah ina gida, ina son in gan ta a hannun ɗan yayana a kan doki.

Ku gaishe mini da iyaye da yara. Wassalam.

Ɗan'uwanku,
daga Queensland