Talata a shago: kafin a sayi monita, a leƙa gefen laftof

Talata, Bauchi.

Hunturu ya kankama, ƙura ta shiga ko'ina. Aikin farko da safe shi ne hure ramukan monitocin da ke kan kanta, domin ƙurar da ta taru a cikin ramin HDMI, inda ake soka wayar hoto, ta isa ta sa hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Wajen ƙarfe tara wani dattijo mai aikin lissafin kuɗi ya iso daga Yelwa, ɗansa na biye da shi rungume da monita Dell mai inci 24. Laftof ɗinsa HP EliteBook 840 G3 ce. Ya ajiye wata waya a kan tebur, kai ɗaya USB-C, ɗaya kan HDMI, ya ce, "Malam, kan nan ya shiga daram, amma ita monitar ba abin da take rubutawa sai No Signal. Ko dai matacciya aka sayar mini?"

Na ce, "Alhaji, monitarka lafiyarta ƙalau, wayar ma haka. Ramin da ka soka ta ne ba ya fitar da hoto."

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi, kuma abin yana damuna. USB-C siffar baki ce kawai. Wani ramin caji da fayil kaɗai yake ɗauka, wani kuma yana haɗawa da hoto, amma a ido duk ɗaya suke. Wanda ke fitar da hoto shi ne wanda aka ƙera da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, ko kuma Thunderbolt. Galibi za ka ga alamar walƙiya ko harafin D mai P a ciki kusa da ramin. Idan babu alama, a juya ƙasan laftof a karanta lambar samfurinta, a duba bayaninta a shafin kamfanin. USB-C na 840 G3 na fayil ne, haka aka ƙera ta. Amma laftof ɗin tana da wasu ramukan hoto biyu, DisplayPort babba da kuma VGA, ita ma monitar tana da DisplayPort a bayanta, a ƙasa inda sai ka karkata ta za ka gani.

Na ɗauko wayar DisplayPort mai kai iri ɗaya gaba da baya, mita 1.8. Kanta ya yi kama da na HDMI, sai dai kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, kuma yawancinsu suna da ɗan maɓalli a sama mai riƙe ƙananan haƙora biyu. Na sa ɗan Alhaji ya danna da babban yatsa ya zare, ya mayar, har sau uku, don wanda bai san da maɓallin ba fizga yake yi, ya taho da ramin gaba ɗaya daga jikin allon ciki.

Da aka haɗa, monita ba ta kawo hoto nan take ba, saboda tana sauraron ƙofar HDMI. Muka danna maɓallin da ke ƙasan monitar muka zaɓi DP, wato DisplayPort. Daga nan sai a danna maɓallin Windows da na P tare a laftof: zaɓi huɗu za su fito, wanda mai lissafi ke so shi ne Extend, wato kowane sikirin da abin da yake nunawa. Duplicate na mai koyarwa ne da majigi, kuma idan girman hoton biyun ya bambanta, ɗaya yakan dushe ko ya bar baƙin fili a gefe. A Display settings na danna Identify, lamba 1 ta fito a laftof, 2 a monita, na ja akwatin 2 zuwa hagu tunda a hagu zai ajiye ta a ofis. In ba a yi wannan ba, linzami zai riƙa ɓacewa ta gefen da babu komai. Na tsayar da yawan ɗigon hoton monita a 1920 x 1080, girman rubutu kashi 100, na laftof kuma kashi 125. Alhaji ya buɗe Excel, ya ga layuka sun ƙaru, ya cire tabarau ya sake dubawa, ya ce, "To, madalla."

Wayar USB-C ɗinsa na ce ya adana, za ta yi amfani ranar da ya canza laftof.

Bayan azahar wani yaro daga wani shagon buga takardu da ke wajen Wunti ya kawo matsala biyu, duka na VGA. Monita ɗaya hotonta ya koma shunayya, ɗayar kuma layuka ne ke yawo a kanta kamar ruwan da aka jefa wa dutse. Ta farko ba ta ci minti biyu ba. Kan VGA yana da allurai 15, uku na farko su ne ja, kore da shuɗi. Allura ta biyu ta lanƙwashe, kore ya ɗauke, ja da shuɗi suka rage. Na miƙe ta a hankali da bakin hantsaki, launi ya dawo.

Ta biyun ta fi jan hankali. VGA ba lambobi take aikawa ba, ƙarfin lantarki ne mai hawa da sauka, don haka duk wata hayaniya da ke cikin wuta tana bayyana a hoto. Gwajin mai sauƙi ne: na zare cajar laftof, layukan suka tsaya cak, na mayar, suka dawo. Cajar ta jabu ce, mara nauyi a hannu, ga janareta suke aiki da shi yawancin yini. Maganin shi ne caja ta asali, da wayar VGA mai kauri mai dunƙule biyu a kusa da kawunanta, da danna maɓallin Auto, mai daidaita hoto, a jikin monita bayan an haɗa. In da hali kuma a bar VGA a koma HDMI, wadda ke ɗaukar sauti ma.

Ya tambaye ni ko adaftar HDMI zuwa VGA da ke shagonsu za ta yi aiki idan an juya ta. Ba za ta yi ba. Waɗannan adaftocin hanya ɗaya suke bi, daga inda hoto ke fitowa zuwa inda yake shiga. Mai ɗaukar VGA ta mayar HDMI daban ce, tana da ƙaramar wayar USB ta ba ta wuta. Haka wayar DisplayPort zuwa HDMI: daga laftof mai DisplayPort zuwa monita mai HDMI take aiki, akasin haka sai an nemi adafta mai wutar kanta. Na rubuta masa kibiya a jikin kowacce da maka.

Da la'asar wani ɗalibin zanen gine-gine na jami'ar ATBU ya zo neman shawara, bai sayi komai ba tukuna, wanda shi ne daidai. Ransa na kan monitar 4K, wato mai ɗigo 3840 x 2160, mai inci 27. Laftof ɗinsa HDMI 1.4 kaɗai gare ta. Wannan ƙofar tana ɗaukar 4K, amma sau 30 kacal take sabunta hoto a daƙiƙa, sai ka ga linzami yana tsalle-tsalle, juya zane ya zama wahala. Don samun 60 sai HDMI 2.0, ko DisplayPort 1.2 zuwa sama. Sayen waya mai tsada ba zai canza ramin da ke jikin laftof ba. Na ba shi shawarar 2560 x 1440 a inci 27, wanda HDMI 1.4 ke ɗauka a 60. Lissafin a fili yake: 1920 x 1080 a inci 24 ɗigo 92 ne a kowane inci, a inci 27 ya sauka zuwa 82, rubutu ya fara nuna haƙora a gefe, shi kuwa 1440 a inci 27 yana ba da 109. Na ƙara masa da cewa ya nemi monita mai nau'in gilashin da ake kira IPS. Na TN ya fi araha, amma da ka ɗan sunkuya launi ya sauya, mai zane kuwa ba zai jure wannan ba.

Tunda ta hannu zai saya, na gaya masa ya tafi da laftof ɗinsa da wayarsa, kada ya dogara da hoton da mai shago ya kunna. Ya cika sikirin da fari zalla, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, ya matso kusa ya nemi ɗigon da ya mutu ko tabon danna. Ya gwada kowane rami, ya bar ta a kunne kwata guda ya ga ko za ta fara ƙyaftawa in ta ɗau zafi. Ya duba bayanta ko tana da ramukan noti huɗu, tazarar santimita 10, don ɗaura ta a hannun ƙarfe nan gaba. Idan mai caja ce a waje, ya karanta abin da aka rubuta: LG da yawa volt 19 suke sha, Samsung da yawa 14, kuma ba a musaya. Monitar LED mai inci 24 tana cin wat 20 ko kusa da haka, ƙaramar inbata ko sola za ta riƙe ta, tsofaffin masu kauri kuwa sun fi haka ci. Sannan ya zare ta daga soket duk lokacin da za a juya daga wutar gari zuwa janareta.

Dab da magariba wata Hajiya ta kira kan MacBook Air M1 ɗinta, ta sayi adafta mai HDMI biyu amma monitocin abu ɗaya suke nunawa. Na ce, "Hajiya, wannan samfurin na 2020 monita ɗaya yake ɗauka a waje. In lallai biyu ake so, sai akwatin haɗi mai DisplayLink, wato mai tura hoto ta USB, a saka manhajarsa." Ya isa aikin ofis, amma ban ba ta tabbacin bidiyo mai nauyi ba. Za ta aiko direbanta da kayan gobe da ƙarfe goma, in gwada kafin ta biya kuɗin komai.

Na rufe monitocin da ƙyalle, na zare soket, aka kira salla.