Tsagin da na cike a ƙarƙashin taga

Sukudireba ce ta tona mini asiri. Na ɗora bakinta a kan katakon ƙasan tagar ɗakin kwananmu, daidai wurin da na gyara da hannuna damina biyu da suka wuce, na ɗan danna, sai kawai ta nutse har mariƙi. Fentin da ke sama kuwa fari fat, ko tsagewa bai yi ba. Da na zaro ta sai wani baƙin ruwa ya biyo ta, da wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na jima a tsaye ina kallon hudar nan, gabana yana faɗuwa, don tun kafin kowa ya gaya mini na san gyarana ne ya jawo.

Inda muke zaune ruwan sama ba ya wasa, ko ya ɗauke ma iska na nan da laimarta. Bangon gidan kuma ƙashinsa na katako ne, an lulluɓe shi da alluna daga waje. A karon farko kusurwa ɗaya ce kawai ta katakon tagar ta ruɓe, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Na ƙwaƙule ruɓaɓɓen da cizal, na cike ramin da fotin nan mai haɗi biyu, na goge da samfefa, na shafa fenti sau uku. Ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya gani sai ya yaba.

Ina tsugune ina gugar ƙasan katakon ne na lura da wani siririn tsagi, faɗinsa bai kai na fensir ba, ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, kusa da baki. Na ɗauka tsagewa ce, ko dai kuskuren wanda ya fere katakon. Ga sauran foti a hannuna yana neman sandarewa, sai na bi tsagin nan na cike shi tsaf, na goge ya zama sumul. Daga nan na ɗauko silikon na toshe duk wata mahaɗa da ke kewaye da tagar, sama da gefe, har da ƙasa inda katakon ya haɗu da allunan bango. A raina na ce yanzu ko ɗigo ɗaya ba zai samu hanya ba.

Wannan tsagi, aikin minti biyar ne cike shi. Shi ne ya cinye mini bango.

Dattijon kafintan da na kira bai ma dubi hudar da na nuna masa ba. Hannu ya zura ƙarƙashin katakon ya shafa, ya sake shafawa, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya cike maka tsagin nan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai ya sa aka kawo masa ruwa a kofi, ya kai ni tagar falo wadda ban taɓa ba, ya zuba a kan katakonta. Ruwan ya gangaro baki, ya lanƙwasa ya bi ƙasan katakon kamar zai koma bango, yana isa tsagin sai ya tsaya, ya taru, ya ɗiga ƙasa. Muka dawo tagar da na gyara ya sake zubawa. Ruwan ya bi ƙasan katakon sumul har bango, ya shige ta wata 'yar ɓarakar da silikon ɗin ya saki, wadda ido ba ya ganinta sai an duƙa.

Ruwa yana manne wa abin da yake gudu a kai, ba lallai ne ya faɗi da zarar ya kai baki ba. Tsagin nan shi ke yanke masa hanya. Ni na cire shi. Katako kuma yana kumbura idan ya sha laima, ya tsuke idan ya bushe, don haka silikon ɗin da ke manne da shi dole wata rana ya saki wani wuri. Ruwa ya samu ƙofar shiga ƙarama, ni kuma na riga na toshe masa ƙofar fita da ke ƙasa. Duk ruwan da ya bugi gilashin tagar nan tsawon damina biyu, cikin bangona ya ƙare.

Baba ya fito da na'urar auna danshi, mai allura biyu da ake cakawa a katako. A bangon da lafiyarsa lau ta nuna danshi kashi 13 cikin 100. A ƙasan tagar ta nuna 34. Ruɓewar katako aikin naman gwari ne, wato dangin fumfuna, kuma ba ya iya komai idan danshin katako yana ƙasa da kashi 20 cikin 100. Yakan kama sosai ne idan danshin ya kai wajen 28 zuwa 30 ya kuma zauna a haka. Wato katako ba ya ruɓewa don ruwa ya taɓa shi, sai don ya jiƙe ya kasa bushewa. A nan na tuna kuskurena na biyu: lokacin gyaran farko kwana biyu kawai na jira bayan ruwa ya ɗauke. Na shafa na ji saman ya bushe, na rufe. Jiƙaƙƙen katako na lulluɓe da foti da fenti.

Da muka fara ɓamɓare allunan waje na so a tsaya a na biyu. Sai da muka cire biyar. Katakon da ke tsaye ƙarƙashin tagar ya koma launin ƙasa-ƙasa mai duhu, ya tsattsage gida-gida kamar gawayi, ka matsa da yatsa ya murmushe. Ruɓewar ta sauka kusan mita ɗaya har katakon da ke kwance a gindin bango, wanda sauran suke tsaye a kansa. Ƙusoshi duk sun yi tsatsa, abin da aka cusa a cikin bangon don tare zafi da sanyi ya jiƙe sharkaf. Baba ya haska tocila yana bin lungu-lungu, yana neman wasu jijiyoyi masu launin toka da farin abu kamar auduga. Ya ce akwai wani iri, wanda masana ke kira Serpula lacrymans, mai jawo ruwa ta jijiyoyinsa, yana iya ratsa siminti da bulo ya kai ga katakon da ke nesa. Da shi ne, da sai an buɗe har daɓen ɗaki. Muka yi sa'a namu irin wanda ke tsayawa ne inda ruwa ya tsaya. Ajiyar zuciyar da na yi a lokacin, har yau ina jin ta.

Wurin yanka mun ɗan yi gardama. Ni ina son a yanke iya inda ya yi laushi, shi kuma ya auna santimita 30 gaba da nan, a cikin katakon da idona ke gani lafiyayye, ya ja layi. Na ce, "Baba, ai wannan da ƙarfinsa." Ya ce, "Zaren abin ya riga ya shiga, ba ka ganinsa ne kawai." Na yi shiru, don ba ni da bakin magana a kan abin da ido ke gani. Kafin ya sa zarto sai da ya tokare nauyin da ke sama da ƙafafu na wucin gadi. Duk mai niyyar taɓa katakon da ke ɗauke da nauyi, kada ya yi shi shi kaɗai, wannan ba wurin koyo ba ne.

Yanka da sauyawa ba su ba mu wahala ba. Jira ne ya ba ni wahala. Baba ya hana a rufe bangon sai sauran katakon ya bushe. Muka rataya tampol nesa kaɗan da bango don ya tare ruwa amma iska ta riƙa wucewa, muka kunna fanka daga ciki. Na sayi tawa na'urar, duk bayan kwana uku in caka in rubuta lambar da fensir a jikin katakon: 29, 27, 26, sai aka yi mako guda ana ruwa ta tsaya cak a 24. Muka koma kwana a falo. Maiɗakina takan ce, "Maigida, wai sai yaushe za a rufe?" In ce mata sai na'ura ta yarda. Sau biyu zuciyata ta raya mini in rufe a 21, ai bambancin kaɗan ne. Sai in tuna da kwana biyun nan da na jira a karon farko. Mako biyar aka yi kafin ta sauka 15.

Tun katakon yana da sauran laima muka shafe shi da maganin boron. Wannan magani ta hanyar danshi yake ratsa cikin katako, kuma gara ma ba ta son shi, amma ruwan sama yana wanke shi, don haka sai a wurin da za a rufe. Sabon katakon da muka sa mai magani ne, amma duk inda zarto ya yanka sai Baba ya sake jiƙa bakin da magani, don bakin yanka shi ke shan ruwa fiye da ko'ina, kamar damin kara da aka tsoma a tafki. Ya kuma ƙi ƙusoshin da na tanada. Maganin katako mai jan ƙarfe a cikinsa yana cin ƙusa ta yau da kullum, sai wadda aka tsoma a tutiya ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Abin da ya fi koya mini hankali shi ne yadda ya haɗa ƙasan tagar. Ya shimfiɗa fallen kwano ƙarƙashin katakon, ya lanƙwasa bayansa da gefunansa sama kamar faranti, gabansa kuma ya sauko ya hau kan allon bango. Kowane abu na sama ya hau kan na ƙasa, yadda ake jera kwanon rufi. Katakon tagar ya ba shi gangare zuwa waje. Silikon ya sa a sama da gefuna biyu, ƙasa kuwa ya bar shi a buɗe. Ni da na ɗauka gyara shi ne a hana ruwa shiga, sai ga shi mutumin nan ya riga ya yarda cewa ruwa zai shiga wata rana, yana shirya masa hanyar fita. Daga ƙarshe ya juya sabon katakon ya yanka tsagi a ƙasansa, ya miƙo mini ya ce in sa yatsa in ji.

Akwai indararon da ke saman tagar, ganye ya toshe shi yana ambaliya a kan bangon, shi ma ya ƙara wa abin. Na share shi. Amma ba zan ɗora masa laifi ba, don shekara da shekaru yana haka tagar tana jurewa, iya kusurwa ɗaya ta lalace. Sai da na cike tsagin ruwan ya samu hanyar ciki. Foti ma ba na kushe shi, yana da wurinsa: ƙaramin rami, a busasshen katako wanda ba ya ɗaukar nauyi, bayan an gano daga inda ruwan yake zuwa. Ni ban taɓa tambayar kaina daga ina ruwan yake zuwa ba, ramin kawai na gani.

Yanzu idan aka tsuge da ruwa nakan ɗauki lema in zagaya gida ina kallon inda yake bi, inda yake fantsama, inda yake taruwa. Bayan damina in bi da sukudireba: ƙusurwoyin ƙasa na tagogi, gindin firam ɗin ƙofofi, da duk allon da bai kai santimita 15 tsakaninsa da ƙasa ba. Na daina yarda da kyan fenti.

Ranar da muka gama na ɗauki ƙaramin madubi na leƙa ƙarƙashin sauran tagogin gidan. Biyu daga cikinsu tsohon fenti ya kusa cike tsaginsu, na kankare shi da bakin wuƙa. Ta ɗakin girki kuwa na caka na'ura a kusurwarta ta hagu ta nuna 22. Ban shafa mata komai ba tukuna. Jiya da yamma na tsaya a ƙarƙashinta cikin ruwa, na ga akwai wani siririn layi da ke gangarowa daga saman firam ɗin, gobe zan sa tsani in bi shi.