Rabin niyutiron ɗin da ya jawo mini suna

Ina aji huɗu na sakandare a nan Kaduna na fara kemistiri, kuma da hadda na tare ta. Kullum da safe kafin in baro gida a Tudun Wada sai in rera sinadarai ashirin na farko, daga haidurojin har kalsiyam, kowanne da lambarsa da nauyinsa. Baki ya iya, kai kuwa fanko. Ƙannena, zangon karatu biyu na ɓata a haka.

Asirina ya tonu ranar wani gwaji. Aka ce: niyutiron nawa ne a ƙwayar zarrar kulorin? Ita zarra, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari, abu uku ne suka haɗa ta: furoton, niyutiron da ilektiron. Na san furoton ɗinsa 17 ne, na kuma haddace nauyinsa, 35.5, a jadawalin sinadarai. Tunda furoton da niyutiron ne ke haɗuwa su ba da nauyi, sai na ɗebe 17 daga 35.5, na rubuta 18.5, har da ja masa layi biyu. Da Malam ya dawo da takardu, ya ɗaga tawa ya ce, "Kai, wane mahauci ne ya raba maka niyutiron gida biyu?" Aji ya ɗauki dariya.

Bayan an tashi ya kira ni. "Idan ka je Kasuwar Barci ka sayi abu uku a kan 35, ɗaya a kan 37, kowanne ya faɗo maka a kan nawa?" Na haɗa, 142, na raba gida huɗu. Sai ga 35.5 tana kallona. Ashe babu ƙwayar kulorin ko ɗaya mai wannan nauyin. Iri biyu ne a gauraye: kusan uku cikin huɗu kulorin-35 ne mai niyutiron 18, sauran kulorin-37 mai niyutiron 20. Furoton ɗinsu ɗaya, niyutiron ne ya bambanta. Su ake kira aisotof, abin da ke jadawali kuma matsakaicinsu ne. Lissafin da yaron shago ke yi da ka, ni na kasa shi saboda an sa masa sunan boko.

Ban daddara ba. Da muka zo kan ayon, wato zarra mai ɗauke da cajin lantarki, na ga alamar tarawa a kafaɗar sodiyam, sai na ɗauka furoton aka ƙara masa. Ina! Furoton shi ne sunan yanka na sinadari. Sodiyam 11 gare shi, ka mayar da shi 12 ya zama maganiziyam, wani abu dabam. Ilektiron ne ke shige da fice, domin shi ke waje, su furoton da niyutiron suna ƙunshe a cibiya. Sodiyam ya saki ɗaya, saura 10, furoton masu cajin tarawa suka rinjayi ilektiron masu cajin ɗebewa, shi ya sa alamar tarawa. Kulorin ya karɓe, nasa suka zama 18. Haɗuwar su biyun ita ce gishirin da Inna ke barbaɗawa a miyar kuka.

Akwai kuma makin da na riƙa zubarwa a banza: in rubuta "giram" a bayan 35.5. Ku daina. Wannan nauyi na kwatance ne, ana auna shi da kashi ɗaya cikin 12 na nauyin kabon-12, don haka lamba ce zalla. Ilektiron kuwa ba a damuwa da shi a nan, sai ka tara kusan 1836 kafin su kai furoton guda.

Ban ce ku watsar da hadda ba, ranar WAEC da JAMB za ta yi muku rana. Amma duk sinadarin da aka ba ku, ku ja gida uku a gefen takarda, furoton, niyutiron, ilektiron, ku cike su tukuna. In amsa ta fito da rabi, ku koma baya, akwai inda kuka zame. Ni dai har yau in na haɗu da 'yan ajinmu a wurin ɗaurin aure, tun daga nesa nake jin "Sha Takwas da Rabi!"