Laraba, gardamar kwaɗi da Kawu

Yau NEPA ta yi mana kirki tun asuba, har na goge kayan sati gaba ɗaya. Makaranta kam shiru, 'yan aji uku sun rubuta gwaji, ban duba ba tukuna.

Da la'asar na tarar da Kawu a zaure yana wanke tankin feshi, wai gobe zai shiga gonar masara da atrazine, maganin kashe ciyawa. Cikin wasa na ce Kawu a dinga tausaya wa kwaɗin fadamar nan mana, sai ya fashe da dariya ya ce kai Malam boko ya yi maka yawa, kwaɗo kuma? Ai nan fa na zauna.

Na ce masa kwaɗo ta fata yake shan ruwa, ta fata yake wani ɓangare na numfashi, duk abin da ka zuba a ruwa ya shiga jikinsa kai tsaye, kuma an yi bincike a Amurka an ga maganin nan na raunana garkuwar jikinsu har tsutsotsi su samu hanya. Ya ce to sai me, damina ɗaya za su cika kududdufi. Na ce haka mutanen Kwasta Rika suka zata, akwai wani kwaɗo launin zinare a dajin Monteverde, tun 1989 ba a sake ganin ko ɗaya ba. Ana zargin wata cuta ce dangin makero, ana ce mata kitirid, tana kama fatar ta yi kauri, gishirin jini ya rikice, zuciya ta tsaya. Binciken da ya fito a 2019 ya ce ta taɓa iri 501 na kwaɗi da danginsu, wajen 90 ana jin sun ƙare ƙurmus.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Tanzaniya. Wasu ƙananan kwaɗi ne da ke rayuwa cikin feshin ruwan kogin Kihansi inda yake zubowa daga kan dutse kawai, aka gina dam, ruwan ya ragu sosai, aka saka musu famfunan yayyafi amma ina, sun riga sun galabaita, cutar na zuwa ta share su. A 2009 aka ce babu su a daji, sai waɗanda aka ajiye a gidajen zoo na Amurka. Ni abin da nake son Kawu ya gane kenan, wahala ce ke fara cin jiki kafin cuta ta ƙarasa, zafi, fari, guba, duk suna taruwa.

Ya yi shiru, sannan ya ce to Malam kai za ka zo ka yi min noman hannu? Kuɗin leburori nawa ne bana? Wallahi ban da amsa. Gaskiya ce ya faɗa, kuma ta ƙona min rai.

Ban ma kai ga gaya masa cewa a Panama da Kwasta Rika zazzaɓin maleriya ya ƙaru bayan kwaɗin sun mutu ba, an kira magariba ya tashi. Ko a duwatsun Kamaru nan kusa, Oku da Manengouba, an ga suna raguwa.

Hajara ta yi ɗanwake, ban ci da yawa ba. Takardun gwajin nan sai gobe in Allah Ya kai mu.