Ƙiba ba ma'aunin hali ba ce

A zamanmu na Hausawan Legas, daga Agege har Idi-Araba, baki biyu muke da shi a kan ƙiba. Idan amarya ta yi jiki sai a ce aure ya karɓe ta, idan ɗan kasuwa ya ajiye tumbi sai a ce naira ta zauna. Amma da zarar jikin ya wuce inda ido yake so, masu yabon nan su ne za su koma gori, su kira mutum lukuti, su ce haɗama ce ko kasala ta yi masa katutu. Wannan hukunci yana damuna ƙwarai, domin an gina shi ne a kan zaton cewa duk mai ƙiba da ya ga dama da tuni ya rame.

Binciken likitoci bai goyi bayan wannan zato ba. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki yake fitarwa don ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Idan mutum ya rage nauyi, sinadarin yana raguwa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ne ya zo, ta ƙara masa yunwa, ta kuma rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga birnin Melbourne na Ostareliya ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, sinadaran yunwa ba su koma yadda suke a da ba. Saboda haka wadda ta yi watanni tana ƙaurace wa tuwo da shinkafa, daga baya jikin ya dawo, ba rauninta ba ne, jikinta ne yake ja da ita dare da rana. Ga kuma gado: nazarin tagwaye ya nuna cewa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin ƙiba tsakanin mutane daga halitta yake.

Sai kuma Legas ita kanta. Magidancin da ya bar Agege da asuba zuwa wurin aiki a Ikko, wato tsibirin Legas, yakan shafe sa'o'i a motar haya ta danfo cikin cunkoso, kuma abin da ake miƙo masa ta taga bai wuce gala da lemo mai sanyi ba. Yana komawa gida bayan isha'i a gajiye, ya ci abinci mai nauyi, ya yi barcin da bai kai ya kawo ba, alhali ƙarancin barci kansa yana ƙara yunwa. Matarsa kuwa tana ɗaki ɗaya a gidan haya, babu tsakar gida irin ta Arewa, babu titin da za ta taka cikin natsuwa, ga biredi da taliya sun fi kifi da 'ya'yan itace araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ba zai yiwu a ce juriyar 'yan Adam ce ta rushe cikin shekara 30 ba. Abinci da yanayin rayuwa ne suka sauya.

Wasu kuma ciwo ne ko magani ya kawo musu, kamar matsalar ƙwan mahaifa da ake kira PCOS, ko magungunan taɓin hankali. Abin takaici, gorin rama ne yake tura 'yan matanmu shan "sha ka fashe", wanda sau da yawa dexamethasone ne, maganin da ke kumbura fuska ya kuma tayar da suga da hawan jini.

Ban ce ƙiba ba ta da haɗari ba, domin tana da alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Tambayata ita ce, me gori yake gyarawa? Wata 'yar uwata ta je asibiti da yawan kasala da jin sanyi, ma'aikaciyar jinya ta faɗi nauyinta da ƙarfi a gaban layi, likita kuma bai ko duba ta ba ya ce, "Hajiya, ki rage ci." Kunya ta hana ta komawa na tsawon lokaci, sai daga baya wani likitan ya sa aka yi gwajin jini, aka gano ƙulliyar maƙoshinta da ake kira thyroid, mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci, ita ce ba ta aiki sosai. Lissafin BMI da ake dogaro da shi, wanda ya ce 30 zuwa sama ƙiba ce, tsawo da nauyi kawai yake haɗawa, ba ya bambanta tsoka da kitse, kuma akwai sirara da dama masu ciwon suga da ba a kula da su saboda ido ya wanke su. Mai ƙiba kuma ba sai ya zama siriri zai amfana ba: rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana inganta suga da hawan jini, tafiyar ƙafa kuma tana taimakon zuciya ko da sikeli bai motsa ba.